Baƙon Rijiyar Mithal

Rana ta yi ja a kan busasshen kogin Sindhu na ƙasar Pakistan, matar Mithal tana gasa gurasa a tsakar gida, sai dutse ya faɗo kusa da murhu. Mithal ya ɗauka. Jiƙe yake sharkaf, har da gansakuka, alhali rabon garin da ruwan kogi tun da mutanen arewa suka haƙa magudana suka karkatar da shi zuwa wani kogin nasu. Gishirin teku ya cinye gonakin shinkafa, maƙwabta sun watse zuwa birnin Karachi. Rijiyar Mithal kaɗai ta rage da ruwan daɗi.

Kullum magariba sai jifa. Daga baya 'yarsa Hooran ta daina magana. Ran da ta kafa kai a randa ta shanye tas, ta ɗago tana kuka da muryar tsoho, uwar ta damƙe hannun Mithal.

"Wallahi wannan ba 'yata ba ce."

Aka ɗauko Fakir Allahdino, tsohon malamin da ya san mutanen ɓoye. Ya daɗe yana karatu a kanta kafin ya ce, "Kai wane ne?"

"Maƙwabcinku," in ji muryar. "A gurbin kogin nan nake tun kakanninku ba su san jefa taru ba. An kwashe min gida."

"Yarinyar ce ta kwashe? Bi ruwanka arewa!"

Hooran ta yi wata busasshiyar dariya. "Na je, Malam. Aljanun can suka kore ni, wai rabonsu ne, wai ai mu na ƙasan kogi a teku muke zubarwa. Ku da kuka yi ta zanga-zanga a kan ruwan, me aka ba ku?"

Malam ya sunkuyar da kai.

Muryar ta ci gaba, "A ba ni rijiyar, a rufe ta, kada guga ya sake shiga. Sai in saki yarinya."

Mithal ya dubi rijiyar da mahaifinsa ya haƙa, ya dubi tsagaggun leɓɓan 'yarsa. Da hannunsa ya jawo faifan dutse ya rufe bakin rijiyar. Hooran ta yi atishawa, ta faɗa jikin uwarta tana kiran sunanta.

Ba su ƙara mako a garin ba. Suna ɗora kaya a keken jaki Malam ya ce, "Ka gode wa Allah, ɗana, aljanin ya tafi."

Mithal ya ja igiya ya ƙulle tam.

"Mu ne muka tafi, Malam. Shi ai ya samu wanda ya saurari ƙararsa."