Kusurwar da Ba a Noma

"Ka daina zuwa, Sadisu... don Allah ka daina!"

Bakin Asta ne kawai ke korarsa, idonta kuwa ya ƙi barin fuskarsa.

"Haba rabin raina! Kwamitin sulhu ya yanka mana diyyar shanu, mun kawo. Me Dada take so kuma?"

"Kabarin Baffana take so ta gani. Babanka ya san wurin..."

Tun rikicin da ya cinye rugar su Asta a Iware suka dawo Mayo Gwoi, ba gawar mahaifinta Hammanjoda, ba labarinsa. Dada, mahaifiyarta, ta rantse ba za ta kai 'yarta gidan da ke ɓoye mata miji ba. Shi kuma Malam Usaini, mahaifin Sadisu, ya san nuna kabari amsa laifi ne a gaban jama'a.

Sadisu ya tafi, bai dawo ba. Ita ta kore shi, ita ce kuma ke leƙa waje duk babur ɗin da ya tsaya a ƙofa. Kewa ta ci ta har zaninta ya daina zama a ƙugu.

Bayan an cire doya, sai ga Malam Usaini da kansa, tare da dattawan sulhu.

"Yaron nan ya hana ni sakat," ya ce da Dada, kansa a ƙasa. "Kullum sai ya tambaye ni dalilin da nake barin kusurwa guda a gonata ba kunya, ba shuka. Ku zo."

Da suka isa gonar, a gindin wata ɗorawa ya tsaya.

"Nan ne. Ina cikin waɗanda suka bi shi... Da hankalina ya dawo, na koma na binne shi, na fuskantar da shi alƙibla."

Dada ta durƙusa tana shafa ƙasar. Ba ta taɓa kiran sunan mijinta ba, yau ma ba ta kira ba.

"Kai... ashe nan kake kwance? Na zo."

Ta daɗe kafin ta miƙe.

"Malam, ban yafe ba tukuna. Wataƙila wata rana." Ta waiwayi Sadisu da ke can gefe, ya rame, sannan ta dubi 'yarta. "Ke, ba yaron nan ruwa, ya sha rana."

Asta ta cika kwano da ruwan da suka zo da shi, ta nufe shi da sauri. Kafin ta isa gare shi, rabin ruwan ya zube.