Yaron Nan Mai Tuta

"Ina makullin motata?"

Amarya ba ta fasa gugar da take yi ba. "Wace mota, Kaka?"

"Motoci nawa gare ni? Jiya a ƙusar bayan ƙofa na rataye shi."

"To ka duba ƙusar mana."

"Na shafa ƙusar har ta kusa huda mini yatsa."

"Wataƙila shi ma ya gaji da kai ne, ya yi yaji."

Kun ji irin bakin yarinyar da na raina. Jikata ce, 'yar ɗana marigayi. Tun tana rarrafe take hannunmu, ni da kakarta, Allah ya jiƙanta. Ina ce mata Amarya, ita kuma ta ce ba ta auren ango mara haƙori. Yanzu a kantin magani take aiki, kuma mu biyu muka rage a gidan.

Ni kuwa, duk wanda ya taɓa zama a tashar manyan motoci ya san Sha-Kwana, wato ni. Ban taɓa shiga aji ba, amma hanya ba ta da sirrin da ta ɓoye mini. Mota ta taɓa juyewa da ni cikin kogi, na fito da hulata a kaina. Birki ya taɓa tsinke mini a gangara, na iso ƙasa ina waƙa. Waɗanda muka fara tuƙi tare duk sun kwanta dama, ni ina nan.

Abin da ya haɗa mu rigima tafki ne, babban tafkin nan na bayan duwatsu. Can na kai kakarta muna sabon aure, muka zauna a gindin wata bishiya a bakin ruwa har rana ta yi sanyi. Na ce ranar Asabar ina so in koma in ga wurin.

"Akwai kamfanin da ke kai mutane," in ji Amarya. "Bas mai sanyi, da abincin rana, da mai zagayawa da mutane yana yi musu bayani. Kafin magariba mun dawo."

"Ni? Ni zan bi bayan yaro mai ɗaga tuta kamar tunkiya?"

"Hutu ne, Kaka."

"Wa ya ce miki na gaji? Motata tana nan. Mu tashi lokacin da muka so, mu tsaya inda muka so. Waɗannan masu zagayawa da mutane maƙaryata ne. Dutse ɗaya za su nuna miki su jera masa labari goma, don a tafa musu."

"Ba duka ba..."

Nan kunnena ya miƙe. Ba duka ba? Guda nawa ta sani?

Da ma na daɗe ina lura. Waya ta yi ƙara sai ta zagaya bayan tankin ruwa. Dariyarta ta koma ƙasa-ƙasa. Kantin magani za ta, amma turaren da take fesawa sai ka ce ɗaurin aure za ta. Yanzu kuma makulli ya ɓace, ga kamfani ya faɗo daga sama. Ta faɗa mini lokacin tashin bas ɗin da wurin tsayawarsa ba tare da na ji motsin takarda ba.

Na ce a raina, akwai namiji a cikin wannan bas ɗin.

"To," na ce. "Mu je da kamfaninki."

Ta ajiye dutsen guga. "Da gaske?"

"Da gaske. Ina so in ga yadda ake ɗaga tuta."

Ranar Asabar muka iso tun da sassafe. Mutane sun taru, ga wani dogon saurayi da 'yar tuta a hannu yana gaisawa da kowa. Muryarsa a natse take, irin ta masu lallashin mara lafiya. Da ya zo kanmu ya rusuna.

"Ina kwana, Baba."

"Lafiya."

"Sannu, 'yar'uwa," ya ce wa Amarya, ya wuce.

'Yar'uwa. Kalma ɗaya, busasshiya, kamar ya jefa wa kaza tsaba. Namijin da zai ga jikata bai ƙara ko rabin gaisuwa ba, ko dai ba shi da lafiya ko yana da laifi. Ita kuma hannunta da ke riƙe da nawa sai ya yi gumi.

A ƙofar bas ya dawo. "Baba, matakalar tana da ɗan tsayi." Ya tallafe ni ta hagu.

Gwiwata ta hagu ce mai ciwo, tun juyewar kogi. Ba na ɗingishi, ko likita sai na faɗa masa. Wa ya gaya wa wannan?

Kujerar gaba aka ajiye mana. Da aka raba shayi, ina jin ana kaɗa wa kowa sukari, nawa ya zo babu ko ƙwaya, daidai yadda aka hana ni.

"Amarya, kamfanin nan da bokaye suke aiki?"

"Me ka gani?"

"Ba komai. Sha shayinki."

Muka kama hanya. Mai Tuta ya tsaya a gaba, dab da kujerarmu, ya ƙi matsawa. Na san dalili, ko in ce na ɗauka na sani. Ya fara bayani, amma wani irin bayani ne da ban taɓa ji ba.

"A hannun dama gonaki ne, sun yi kore shar. Ga wata mata can da jan mayafi tana kora awaki. Yanzu za mu hau gada, ruwan ƙarƙashinta ya ja baya, yashi ya fito fari..."

Wata mata daga baya ta ce, "Malam, ai muna da idanu. Ba mu labarin wurin dai."

Aka yi dariya. Ya ba ta haƙuri, ya ɗan taɓa tarihi, can kuma ya koma kan launin duwatsu da tsuntsayen da suka jeru a kan waya. Na ce lallai yaron nan soyayya ta kwance masa notin kai.

Na ɗana masa tarko. "Kai Mai Tuta, kafin a yi wannan gadar, ta ina ake tsallakawa?"

Na gyara zama ina jiran ƙarya.

"Ban sani ba, Baba. Ba a haife ni ba lokacin. Kai ka sani?"

Dabara ce, na gane ta. Ya ba tsoho fili ya yi surutu don ya saye shi. Na ba su labarin dai, tun da jama'a sun matsa, har aka tafa mini. Amma ban sayu ba.

Da muka isa tafki aka sauke mu a inda ake ajiye motoci. Ya ɗaga tutarsa ya ce kowa ya tsaya kusa, za a ɗauki hoto, sannan bas ya wuce da mu wani kogo a gaba kafin a dawo nan cin abinci. Na ce wa Amarya zan zaga. Ta kai ni ƙofar banɗakin maza ta tsaya. Wurin yana da ƙofa biyu. Na fita ta bayan.

Lissafina mai sauƙi ne. In tsoho ya ɓace, ɓarayi za su saki jiki.

Ban nemi mai nuna mini hanya ba. Na sa ƙarar ruwa a kunnena na hagu, na bi gaɓa a hankali. Duwatsun wurin sun ƙara yawa, wani ma ya tare ni a ƙauri, amma na isa. Na gane shimfiɗaɗɗen dutsen da muka zauna a kai, ni da kakar Amarya. Sai dai rana ce take dukan kaina a wurin da ya kamata in ji inuwa.

Na miƙa hannu. Babu komai. Na durƙusa na lalubo, sai tafina ya sauka a kan kututture, an yanke shi sumul da zarto.

Na daɗe a durƙushe. Gwiwa ce ta riƙe ni, ba wani abu ba.

Can na ji ana kirana daga nesa. Na tashi na koma bayan wata rufaffiyar rumfa da ke kusa, na zauna a ƙasa, na yi tsit.

"Kaka! Kaka!"

Takunsu ya zo har gaban rumfar ya tsaya. Amarya tana kuka.

"Da na sani na bar shi a gida... idan ya faɗa ruwa fa?"

"Ba zai faɗa ba. Ga sawun takalminsa nan, nesa da ruwa yake bi. Yana kusa. Ki daina kuka, rabin raina."

Rabin raina. Ɗazu 'yar'uwa ce. Na kama su, na ce a zuciyata, har na fara shirin miƙewa. Sai bas ya danna hon daga can sama.

"Ka tafi," ta ce. "Mutanenka suna jira."

"Na ce wa direba ya wuce da su kogon."

"Ba kai? Ka ce dokar aikinku ce, mai tuta ba ya rabuwa da ayari. Za su kore ka."

"Shi ma a ayarina yake."

Ta ja hanci. "Ka gani ko? Abin da nake ta gaya maka ke nan. Ba zan iya aure in bar shi ba. Idonsa ya tafi, ya ƙi yarda. Yana zuba shayi a gefen kofi, ya ce kofin ne a karkace. Watan jiya ya daki ginshiƙin gareji ya ce an matsar da shi. Ni na ɓoye makullin, a cikin tukunyar Kaka mace da ba ma girki da ita. Da na bar shi ya tuƙa yau, da gawarmu za a kwaso..."

"Na sani."

"Ya ciyar da ni, ya goya ni a bayansa, namiji guda. Yanzu da ya zama shi ke bukata sai in tattara kayana? Ka nemi wata, don Allah. Kada ka ɓata ƙuruciyarka a kaina."

"Wa ya ce ki bar shi? Gidan da ke jikin naku babu kowa, na riga na yi magana da mai shi. Katanga ɗaya ce. In ya yi tari za mu ji."

"Ba zai yarda ba. Ba ya yarda da kowa."

"Ki bari in gwada. Yau tun daga tasha nake ba shi hanya da baki, bai kore ni ba."

Ashe matar da jan mayafi da awakinta, da farin yashi, da tsuntsayen kan waya, duk nawa ne.

Bari in faɗa muku gaskiya, kofin nan a karkace yake, kowa ya zo ya duba. Amma kafin in fito in faɗa musu haka, sai tari ya ƙwace mini.

Suka zagayo a guje. Amarya ta faɗa jikina tana duka na a kafaɗa tana kuka.

"Ka kusa kashe ni, tsohon nan."

"Hutawa nake yi. Ɗaga ni."

Suka ɗaga ni, shi ta hagu. Babu wanda ya tambayi abin da na ji. Na juya fuskata wajen shimfiɗaɗɗen dutsen.

"Amarya, rana ta kashe mini ido. Bishiyar da nake ba ki labari, tamu da kakarki, tana nan?"

"Tana nan, Kaka... ta yi ganye sosai."

Ban ji haushinta ba. Ƙaryar mai ƙauna ce, ni na raine ta, na san inda ta samo tausayin. Amma wanda zai riƙa zama idona, ina bukatar in san irin nasa.

"Kai fa, Mai Tuta? Kai ne mai bayani. Yaya ka gan ta?"

Na ji awarwaron Amarya yana ƙara, tana yi masa alama da hannu. Ya san abin da take so ya faɗa, ya kuma san a hannuna aurensa yake.

"Ba ta nan, Baba," ya ce. "Iska ta karya ta bara, aka sare abin da ya rage. Kututturen ne kawai. Ka yi haƙuri."

Amarya ta saki wani ƙaramin kuka. "Me ya sa za ka..."

"Ƙyale shi," na ce. "Kai ni kan dutsen."

Muka zauna, ni a tsakiya. Na ɗora hannuna a kan kututturen.

"Me kuma ke nan? Faɗa mini. Ba don ba na gani ba, so nake in ji ko ka iya aikinka."

Sai ya fara. Ruwan shuɗi ne a tsakiya, kore a baki-baki. Akwai kwalekwale ɗaya can nesa, da mutum a tsaye a ciki. Duwatsun ƙetare sun yi ja-ja.

Haka suke ranar da na kawo kakarta.

"Amarya, in mun koma ki buɗe tukunyar kakarki ki ba wannan makullin. Giya ta biyu tana da gardama, sai an lallashe ta. Kai kuma ka turo mini manyanka. Na saki amaryata, da ma ta ce ba ta son mara haƙori."

Ta kifa kanta a cinyata, ta jiƙa mini riga sharkaf.

Bas ya dawo cin abinci ya same mu a nan. A wurin aiki sun ja masa kunne sosai, amma ba su kore shi ba, na tabbata sun ji sunan wanda ya tsaya dominsa ne. An yi auren, suna nan jikin katangata. Ku lura, yini ɗaya tak na yi na bankaɗo abin da suka daɗe suna ɓoyewa. Sha-Kwana ke nan.

Yanzu duk inda za mu, a motata muke zuwa, mu tashi lokacin da muka so, mu tsaya inda muka so. Shi ke tuƙi, ni ke gaba. Yana faɗa mini abin da ke hanya, ni kuma ina kasa kunne ne kawai don in kama shi da ƙarya.

Har yau ban kama shi ba.