Ludayi Uku Na Fura

Da sassafe Maijidda ta tarar da surukarta, Inna Safara'u, tana dama fura a tsakar gida. Ranar ce za a yi wa Hashimu, mijin Maijidda, tiyata a Kano. Kansar hanta ce ta kama shi, har ta taɓa huhu. Likita ya ce za a yanke ɓangaren hantar, daga baya a cire ƙullin huhun.

"Inna, an ce fa kada ya ci komai yau."

"Ke tafi can! A yanka min ɗa da yunwa?"

A asibiti kuwa Inna ta faki idon nas ta ɗura masa ludayi uku. Hashimu bai taɓa yi wa uwarsa musu ba, ya haɗiye.

Nas ta zo da fayil. "Ya ci wani abu?"

"Ko ruwa," in ji Inna.

An riga an gaya wa Maijidda abincin zai iya komawa huhunsa idan an sa shi barci. Amma a ƙaryata suruka a gaban mutane?

"Sista... ya sha fura."

Aka ɗaga aikin sai bayan mako uku.

Wayyo Maijidda! Da suka koma ƙauyensu a gefen Tofa, gidan kaf ya juya mata baya. Gaisuwarta ma ba a amsawa.

"Kin fi so ciwon ya cinye shi!" in ji Inna.

Ita kaɗai take cin tuwonta a ɗaki, tana jin tarin Hashimu, tana ƙirga kwanaki da hawaye. Idan ciwon ya ƙaru, ta san wa za a nuna. Shi kuwa gogan sai ya riƙe hannunta ya ce, "Ki yi haƙuri," a hankali, kada Inna ta ji.

Ranar aikin aka shafe awa shida. Likita ya fito ya ce an dace, saura na huhun. Ya dubi Inna.

"Hajiya, da an shiga da shi wancan karon, da wuya ya farka."



"Mutum ɗaya zai shiga wurinsa," in ji nas.

Inna ta miƙe, sai kuma ta koma ta zauna, ta dubi Maijidda.

"Tashi, 'yata. Ke ya kamata ya fara gani."

Mai ƙaunarka da gaske zai yarda a tsane shi don ka rayu, kuma Allah ba ya barin mai haƙuri.