Haruffan da Fenti Ya Rufe

Ranar da ya fara ganinta, tana tsaye gaban katangar makarantar unguwa, waya a hannu, tana ɗaukar hoton wani zagi da aka fesa da jan fenti. Shi kuwa ya iso da tsani a kafaɗa, bokiti na lilo a hannunsa.

"Malama, ɗan matsa mana, kada in shafe ki tare da zagin."

Ta juyo ta dube shi sama da ƙasa. "Kai ne mai fentin da kwamiti ya ɗauka? Ai ka makara. Har yaran da ba su iya karatu ba sun haddace abin."

Dariya ta ƙwace masa, ita ma ta yi murmushi tana gyara mayafi. Wannan murmushin ne ya bi shi har gida.

Ita ce sakatariyar kwamitin tsaftar unguwa. Duk wanda ya wayi gari ya ga an ɓata masa katanga ita yake kira, ta ɗauki hoto ta tura wa mai fenti. Shi kuma yana da ƙa'idarsa: ba ya faci.

"In na shafe wurin rubutun kaɗai, facin ne zai kira mai feshin ya dawo," ya taɓa ce mata. "Daga kusurwa zuwa kusurwa nake bi, kuma a ranar. Mai feshi so yake a ga aikinsa. In ya dawo bai tarar da komai ba, da kansa zai gaji."

Sannu a hankali saƙonnin aiki suka fara canza launi.

"Sakatariyata, yau ba rahoto? Ko in je in fesa da kaina don in samu saƙonki?"

"Gwada ka gani, Mai Buroshi. Hotonka zan fara turawa kwamiti."

"In dai ke za ki ɗauka, bari in sa sabuwar riga."

Har gida ya je ya gaida Baba, mahaifinta. Tsohon ya amsa ba yabo ba fallasa, domin zuciyarsa tana wajen ɗan amininsa, wani ma'aikacin banki mai zuwa da mota. Bai dai ce a'a ba, su kuwa suka riƙe wannan da hannu biyu.

Wata safiya za ta fita aiki, sai ta ga an fesa baƙin zane a katangar gidansu, hagu da ƙofa. Ta ɗauki hoton wurin kawai ta tura.

"Yau a gidanmu aka sauka. Ka zo kafin Baba ya dawo daga tafiya, ba na son ransa ya ɓaci."

"An gama, hasken idona."

Abin da ba ta rubuta ba shi ne abin da ke dama da ƙofar. A can, bayan tsohon benci, akwai haruffa shuɗaye da suka koɗe, waɗanda marigayiya mahaifiyarta ta rubuta da hannunta lokacin da take tara yaran layi tana koya musu karatu. Ba ta taɓa ba shi labarinsu ba, don ba ta iya zancen Mama ba tare da kuka ba. Shi kuwa tun ganinsa da su ya ɗauka tsohon zanen yara ne. Ya janye bencin, ya bi katangar daga kusurwa zuwa kusurwa, har yana ƙara shafi na biyu saboda gidan masoyiya ne.

Da yamma ta dawo ta tarar da Baba tsaye, jakar tafiyarsa a ƙasa, yana shafa farar katanga da tafin hannu.

"Baba, laifina ne. Ni ce ban faɗa masa ba."

"Ke kin manta, shi kuma ba shi da ido?" Ya juyo ya dube ta. "Kullum in zan fita sai na gaishe ta a nan. Wanda ya shafe hannun uwarki ba zai shigo gidan nan ba."

Kwanaki suka shuɗe ba ta amsa kiransa. Ba fushi take da shi ba. Kunyar kanta take ji. Motar ma'aikacin banki ta ƙara yawan tsayawa a ƙofa, Goggo, ƙanwar Baba, tana ta ziga ta. "Ke dai ki huta, 'yar nan. Shi mai motar nan ko alli bai iya riƙewa ba, balle ya shafe wani abu."

Sai saƙonsa ya shigo.

"Ba neman gafara na zo yi ba, ban isa ba tukuna. Tambaya ɗaya ce: da wane irin fenti Mama ta yi rubutun?"

Ta daɗe tana kallon wayar kafin ta tuna. "Ragowar fentin ƙofa ne. Na tuna da kananzir ta wanke buroshin, gidan ya yini yana wari."

"Alhamdulillahi! Nata mai mai ne, nawa na ruwa. Ba su tafi ba, Sakatariyata, suna nan a ƙarƙashi suna jiranmu."

Washegari da hantsi ya iso, ba tsani ba rolar shafa fenti, sai bokitin ruwan ɗumi da sabulu da soso. Baba ya fito ya tsaya a kansa.

"Me ka zo ƙarasawa?"

Ya durƙusa. "Baba, izini nake nema in cire abin da na sa. In na ɓata, ba za ka sake ganin ƙafata a layin nan ba."

Baba ya jawo bencin nan gefe ya zauna.

Ita ta nuna masa wurin da yatsa. Ya jiƙa, ya jira fentin ya yi laushi, ya goga a hankali kamar mai wanke fuskar jariri. Farin ruwa na gangarowa ta gwiwar hannunsa. Can sai wani shuɗin layi ya leƙo, sannan cikin harafin farko ya fito sarai. Ta toshe baki da mayafi.

Masu wucewa suka fara tsayawa. Bakanike na bakin titi ya matso yana goge hannu. "Kai! A nan Malama ta ja mini kunne, wallahi a kan wannan harafin!" Wata nas ta layin baya ta hau rera haruffan yadda aka koya musu, manya da gemunsu suna amsawa, ana dariya ana share hawaye.

Rana ta karkata kafin a kai ƙarshen layin. Harafi ɗaya ne ya ƙi, siminti ya ɓare da shi. Mai fenti ya sunkuyar da kai.

"Baba, wannan ya gagare ni. Zan cika alkawari, in tafi."

"Zauna." Baba ya miƙe ya taɓa gurbin. "Wannan tun tana raye ya fara ɓarewa, kullum tana cewa za ta gyara. Kana da shuɗi?"

"Akwai, Baba."

"Ba wa 'yarta buroshi, rubutunsu iri ɗaya ne." Ya dube shi sosai, karo na farko. "Wanda ya yini yana goge aikin hannunsa saboda hawayen tsoho, zai iya riƙe mini ita. Ka turo manyanka."

Goggo ta leƙo daga ƙofa. "To, ni dama tun farko na ce yaron kirki ne."

A gaban katangar nan aka ɗaura aure, jama'a sun cika layin. Tun daga ranar ba a sake fesa mata komai ba, domin duk layin sun zama masu gadinta. Kwamiti ma ya ƙara ƙa'ida: kafin buroshi ya taɓa katanga, sai an tambayi mai gida abin da ke jikinta.

Da za a tafi da amarya, Baba ya dafa kansu su biyun. "Allah ya yi muku albarka, ya ba ku 'ya'yan da za su zo nan su koyi karatu a hannun kakarsu."

Amarya ta amsa cikin kuka, ango ya amsa da ƙarfi, layin gaba ɗaya ya ce amin.