Ɗinkin Jakar Zinariyar Dagaci

Da hantsin ranar da za a naɗa sabon dagacin Kwanar Ɗinya, wani ƙauye da ke gabas da Gagarawa, aka farke 'yar jakar fatar da ake ajiye zinariyar gidan sarauta. Abin da ya faɗo sulen sefa ne, kuɗin Nijar, ba zinariya ba.

Zinariyar nan kakan gidan ya samo ta a Damagaram wajen wani Bafaranshe. An ce sarakunan Faransa na can farko suka buga ta, suka sa fuskarsu a jiki don duniya ta san ba sa ƙarƙashin kowa. Mutanen ƙauyen sun ɗauki maganar da gaske, wanda bai riƙe ta ba ba dagaci ba ne.

Sufeto Ɗalha ya iso daga Gumel ya tarar da matasa sun cika ƙofar gida da sanduna. An kulle Ɗantala baduku a zaure, don shi ke ɗinke jakar duk naɗi. Tsohon na tsugune a ƙasa. Ɗalha kuwa 'yan sanda biyu kaɗai ya zo da su, kuma ya taɓa ganin abin da taro irin wannan ke aikatawa.

Ya fara da Hajiya Juwairiyya, matar marigayi dagaci, mai riƙe makullin akwatin da ake ajiye jakar. Ta ce 'ya'yan gidan duk sun san inda take ajiye shi. Ita dai tsufa ya sa ko allura ba ta iya riƙewa. Magajin da za a naɗa kuwa ba zai saci abin da za a miƙa masa ba.

A waje aka fara dukan ƙyaure.

Ɗalha ya miƙa wa Ɗantala jakar. "Baba, ɗinkinka ne wannan?"

"Ranka ya daɗe, baduku ba ya ƙulli. A ciki muke ɓoye bakin zare."

Ɗalha ya sake dubawa. Ramukan ɗinkin manya ne, irin na basillar ɗinkin buhu, kuma an ƙulle kowace kusurwa an bar mata kunne. Ya tambayi wa ke harkar hatsi a gidan, aka ce Siddiq, wan magajin, mai kai riɗi kasuwar Maigatari. Shi ne ma ya fi kowa ɗaga murya a ƙofar.

Aka shigo da shi. Ɗalha bai tambaye shi komai ba, ya sa aka kawo buhu guda daga ɗakin ajiyarsa, ya ajiye jakar a kai.

"Shekara nawa kana ɗinke buhu? Hannunka ya saba, ko jakar sarauta sai da ka yi mata kunne."

Siddiq ya zaro zinariyar daga cikin hularsa. Ya ce ba sayarwa zai yi ba. Shi ne babba, aka tsallake shi.

"Da sun kashe tsohon nan fa?" in ji Ɗalha.

Da aka buɗe ƙofa, sanduna suka yi ƙasa, aka rasa mai iya haɗa ido da Ɗantala. Hajiya ta roƙe shi ya ɗinke jakar kafin azahar. Ya kalli matasan, waɗanda yawancinsu shi ya ɗinka musu laya suna jarirai, ya ce a nemi wani badukun. Ya ɗauki takalmansa ya tafi gida.