Mai Gaida Kalankuwa

"Mahaukaci zan ba wa 'yata? Ba da ni ba!"

Muryar Baba Goni ce daga zaure. Na saki ludayi na fita, ko mayafi ban gyara ba.

"Baba, wallahi Ilu lafiyarsa ƙalau!"

"Fanna, koma ciki. Sule ya gan shi da idonsa, durƙushe a bayan ganuwa yana magana da ciyawa."

Sule! Ɗan ƙanwar Baba ne, tun da Ilu ya tafi yaƙi yake mini zarya da turare. Da aka sallamo Ilu daga soja yana ɗingishi, sai Sule ya bi unguwar Gwammaja yana cewa ƙarar bindiga ta taɓa masa kai.

"A kira Ilu, Baba. In kun ji hauka a bakinsa, na haƙura..."

Da la'asar ya zo. Dogo, baƙi, mai sanyin murya, ni dai ban taɓa ganin wanda ya iya zama gaban manya kamar Ilu nawa ba. Ina laɓe bayan ƙyaure.

"An ce kana gaida ciyawa," in ji Baba.

"Kalankuwa ce, Baba, mai furen nan ruwan ɗorawa. Gaskiya ne."

Na dafe ƙirji. Wayyo masoyina, ka kashe ni!

Ilu ya ɗage ƙafar wandonsa, ga tabo har gwiwa.

"A dajin kudu aka harbe ni, aka ɗauka na mutu. Wata tsohuwa ta can, wadda 'ya'yanta ne muka je yaƙa, ta murje ganyen ta matse mini har jinin ya tsaya. Ban san sunanta ba, ba na jin yarenta. Da na dawo na ga ciyawar a wajen Ƙofar Ruwa, awaki na tattake ta. Shi ne nake kewaye ta da ƙaya, in zauna in yi wa tsohuwar addu'a."

Baba ya daɗe yana jan carbi.

"Fanna, na san kina nan. Fito."

Na fito ina hawaye, ina jin duk Kano ba wadda ta kai ni iya zaɓe.

"Ilu, ka turo magabatanka. Gobe kuma ka biyo ka kai ni wurin. Tsohuwar nan gidana ta yi wa aiki, ni ma zan sa ta a addu'a."