Yarinyar da Ta Goge Hotunan Wata

A wani gari kusa da birnin Bukhara akwai wata yarinya mai tsananin son kintsa kaya. Ko tsinke ta gani a ƙasa, sai ta ɗauke.

Wata rana Malama Nodira ta gaya wa 'yan aji cewa akwai ramuka a jikin wata. Yarinyar ta ɗaga hannu, ta cika baki.

"Malama, gobe zan kawo hotonsu! Babana yana da kyamara."

Da magariba babanta, wanda take kira Dada, ya kafa kyamara a kan rufin gida. Ya yi ta ɗaukar hotunan wata har shayinsa ya huce. Sannan ya sauka cin abinci.

Yarinyar ta leƙa kyamarar. Wata, wata, wata, duk iri ɗaya!

"Kai, Dada da tara shirgi!" in ji ta. Ta goge su duka, ta bar guda ɗaya. Ta sauko tana murna.

"Dada, na share maka kyamara tas!"

Dada ya dafe kai. "Wayyo, 'yata! Ai ba iri ɗaya ba ne. Iska tana sa hasken wata rawa, sai kowane hoto ya fito dishi-dishi. Kwamfuta ce ke ɗora su ɗaya kan ɗaya, ta tsinci mai kyau a kowanne, ta haɗa hoto guda."

Suka ruga sama. Ina! Hadari ya rufe wata.

Washegari ta kai hoton nan guda makaranta. Ba rami ko ɗaya. Wani yaro ya ce, "Wannan wata ne ko gurasa?"

Aji ya kwashe da dariya. Kunya ta kama ta, amma ta faɗi abin da ta yi.

"Na ji daɗi da kika faɗi gaskiya," in ji Malama. "Je ki sake gwadawa."

Da sama ta washe, ita da Dada suka sake ɗauka. Ta zauna ta ga kwamfuta tana haɗa hotunan. Sai ga ramuka raɗau!

A aji, yaron nan ya saki baki. "Kai! Har da duwatsu! Yaya kika yi?"

"Hotuna da yawa ne suka taru," in ji ta tana dariya. "Kuma na koyi abu guda. In ban gane amfanin abu ba, zan tambaya kafin in taɓa."